Wuƙaƙe Huɗu a Gwangwani: Yadda Mai Gyaran Famfo Ya Zaɓi Ta Biyar

Ƙanena mai gyaran famfo ne. Yana haɗa bututu, yana kafa tanki da injin tura ruwa, yana gyaran banɗaki. Ni kuwa sana'ata wasa kayan yanka ce da gyaransu, don haka duk ƙarfen da ya mutu a hannunsa wurina yake ƙarewa. Wata rana da yamma ya shigo da tsohon gwangwanin fenti ya juye mini a kan teburi. Wuƙaƙen aljihu ne guda huɗu, irin masu ninkewa, duk ya kashe su cikin ƙasa da shekara biyu. A yatsansa manuni na dama akwai tabon ɗinki da bai gama bushewa ba.

"Yaya, ka zaɓa mini ɗaya mai ƙarko wadda ba za ta cinye mini aljihu ba. Wallahi na gaji."

Na ce masa ba zan zaɓa ba tukuna. Idan na nuna masa wata a ranar, ta biyar ma gwangwanin za ta shiga, tunda ba mu san abin da ya kashe huɗun ba. Bai ji daɗin amsar ba, amma ya ja kujera ya zauna.

Abin da ya kashe kowace

Ta farko ita ce ta yi masa tabon. Kyakkyawa ce, sai ƙyalli, amma babu sunan wanda ya ƙera ta, babu lambar ƙarfe, an dai buga mata tambarin cewa ba ta tsatsa. Na buɗe ta, na kama tsinin da tsumma na motsa, sai ga ruwan wuƙar yana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. An haɗa gaɓarta ne da ƙusar da aka dake kanta, irin wadda ba a kwance ta, ba a kuma ƙara mata ɗauri. Tun ranar da ta fara sassautawa babu abin da mai ita zai iya yi. Sakatarta wani siririn ƙarfe ne a cikin mariƙi, wanda ke faɗawa bayan gindin ruwan wuƙar ya tokare shi. Da gaɓar ta saki, wurin da sakatar ke dafawa ya goce. Ranar da abin ya faru yana huda tiyo ne, ya danna ya murɗa, wuƙar ta ninke a kan yatsansa. Araha ba ta ado, haka ne, amma a nan arahar ba ita ce babbar matsala ba. Gaɓar da ba ta gyaruwa ita ce matsalar, kuma akwai wuƙaƙe masu sauƙin kuɗi da ba su da wannan lahani.

Ta biyu ƙarfenta mai kyau ne, irin na da, wanda babu sinadarin hana tsatsa a cikinsa. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi kamar aska, kuma shafa biyu uku a kan dutse ya ishe shi. A hannun kafinta ko mai aikin fata za ta shekara goma. A aljihun mutumin da wandonsa ke jiƙe tun safe, tsatsa ta shiga gaɓarta ta cije, har sai da filaya ake buɗe ta.

Ta uku mai baki da yawa ce, da ɗan almakashi da mabuɗin kwalba da sauransu. Tsininta ya karye wajen ɓamɓare murfin gwangwanin gam. Ba na ganin laifinta.

Ta huɗu ce ta fi ba shi haushi, domin kuɗinta ya fi na sauran ukun a haɗe. Ya saye ta bayan ya ji ana yabon ƙarfen D2, an ce masa ba ya dakushewa. Gaɓarta a kan boris take juyawa, 'yan ƙananan ƙwallaye, don haka ranar da ya saye ta da ɗan taɓi kawai take buɗewa. Da ta zo hannuna sai ƙarar yashi take yi, bakinta da giɓi uku, ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikinta. Ya ce ya yi ta gurza ta a dutsensa ta ƙi kamawa, sai ya ci gaba da aiki da ita a dakushe, yana ƙara ƙarfi. Duk wanda ya daɗe da wuƙa ya san dakusasshiya ta fi mai kaifi yanka mai ita, saboda ƙarfin da ake danna ta da shi ne ke sa ta zame.

Na jera su na dube su. Cikin huɗun babu wadda ta mutu don bakinta ya cinye da yanka. Biyu gaɓa ce ta kashe su, ɗaya an sa ta aikin da ba nata ba, ɗaya kuma ta fi ƙarfin dutsen mai ita.

Rubutun bayan kwali

Na ba shi aron wata tsohuwar wuƙata, na kuma ba yaronsa aiki: duk sanda maigidansa ya zaro ta, ya rubuta abin da aka yi da ita. Mako biyu. Yaron ya ɗauki abin da muhimmanci fiye da yadda na zata, ya dawo mini da bayan kwali cike da rubutu.

Akwai yankan gaske a ciki: tiyo, igiya, salatif, robar ɗaure kaya, kwalin sababbin famfuna, da feƙe bakin bututun roba bayan an yanke shi da zarto. Amma abin da ya cika kwalin shi ne wasu ayyuka daban. Farke buhun siminti. Kankare tsohon gam da busasshen silikon daga jikin tayil. Tono ƙasa daga bakin noti. Buɗe murfin gwangwani. Har da juya sukuru sau biyu, da sukurdireba tana cikin jaka taku uku daga inda yake tsugune.

Ƙanena ya ce ƙarya yaron yake yi masa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, har wanda ka yi da safen nan ban rubuta ba."

Wannan kwalin ya warware rabin matsalar kafin mu je ga zancen saye. Yashi ya fi ƙarfen wuƙa tauri. A ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, ma'adinin da yawancin yashi ya ƙunsa yana kan mataki na 7, ƙarfen wuƙa kuwa yana ƙasa da haka. Ma'ana duk tsadar wuƙa, idan ta ratsa buhun siminti ko ta goga a kan tayil, bakinta ya tafi. Babu ƙarfen da za a saya ya hana wannan. Don haka muka raba aikin gida uku. Aikin datti ya koma ga wuƙar reza, irin wadda ake canja wa baki idan ya dakushe, wadda kamfanin Stanley ya yi suna da ita. Ɓamɓara da tono suka koma ga wani ɗan guntun ƙarfe mai faɗin baki, tsawon yatsa, da na gyara masa daga karyayyiyar sukurdireba na huda shi ya rataya a makullansa. Abin da ya rage, wato yankan gaske, shi ne za mu saya wa wuƙa.

Zancen ƙarfe

A nan muka fi daɗewa, domin a nan ne masu talla suka fi rikita mutane.

Ƙarfen da ba ya tsatsa ba wani abin al'ajabi ba ne. Harry Brearley ya haɗa irinsa a Sheffield ta Ingila a 1913, kuma sirrinsa sinadarin kuromiyam ne. Idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, yakan yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke tare ruwa da iska. Sinadarin kabon kuma shi ke ba da tauri. Duk lambobin da ake bugawa a gindin wuƙa labarin yadda aka auna waɗannan biyun ne, da 'yan ƙananan abubuwan da aka ƙara.

D2 yana da kabon kusan kashi 1.5 da kuromiyam kusan kashi 12. A takarda kamar ya wuce iyakar hana tsatsa. Sai dai kabon ɗin nan mai yawa yana kama kaso mai tsoka na kuromiyam ɗin su dunƙule su zama ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke sa bakin ya daɗe bai dakushe ba, su ne kuma ke sa dutsen wasa na gama-gari ya sha wuya a kansa. Kuromiyam ɗin da suka kama kuwa ya daina aikin tare tsatsa, shi ya sa wuƙar ƙanena ta yi ɗigo-ɗigo. Asalin ƙarfen ma na ƙera kayan datsa ƙarfe ne a masana'anta. Ga wanda ke yanka kwali yini guda a busasshen wuri, kuma yana da dutsen lu'ulu'u na wasa, zaɓi ne mai kyau. Ƙanena ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na rubuta masa lambobi huɗu a takarda. 420HC, mai kabon ƙasa da rabin kashi ɗaya da kuromiyam wajen kashi 13, wanda ba ya saurin tsatsa, ba ya saurin giɓi, amma yana son wasa akai-akai. 8Cr13MoV na ƙasar Sin, wanda sunansa ma ya faɗi abin da ke ciki, kabon wajen 0.8 da kuromiyam 13. AUS-8 na Japan, ɗan'uwansa ne na kusa. Sai 14C28N, wanda kamfanin Sandvik na Suwidin ya fito da shi, mai kuromiyam kashi 14 da ɗan naitirojin, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da mai aiki cikin ruwa idan an same shi a kuɗin da ya dace. Duk huɗun dutse na gama-gari yana kama su cikin 'yan mintuna.

Wani abu da lambar ba ta faɗa shi ne horon wuta. Kowane maƙeri ya san ƙarfe ɗaya ne zai fito da kyau a hannun wani ya fito kamar gwangwani a hannun wani, gwargwadon yadda aka gasa shi, aka tsoma shi, aka sake ɗumama shi. Ana auna sakamakon da ma'aunin Rockwell, kuma wuƙar aiki irin wannan tana son ta faɗa tsakanin 57 da 60. Mai saye ba shi da na'urar aunawa, saboda haka abin da zai dogara da shi shi ne sunan mai ƙira. Kamfanin da ya buga sunansa da lambar ƙarfensa a jikin wuƙa yana da abin da zai rasa idan ya yi algus. Wuƙar da ba ta da suna kuwa, ko me aka buga mata, ba ka da wanda za ka tambaya.

Inda muka yi saɓani

Sakata ce ta raba mu.

Wuƙaƙen da babu sakata, waɗanda sifirin kawai ke riƙe da su a buɗe, irin yawancin na Victorinox da Karl Elsener ya kafa harsashinsa a Suwizalan a 1884, mun cire su tun farko. Ba don ba su da kyau ba. Mutumin da ke huda tiyo da tsini yana buƙatar abin da zai hana ninkewa. Opinel ta Faransa, wadda ake yi tun 1890 kuma aka ƙara mata zoben kullewa a 1955, tana cikin mafi sauƙin kuɗi da kaifi a duniya, amma hannu biyu take so, kuma mariƙin itace yakan sha ruwa ya kumbura. Na ce masa ya ajiye sunanta don ranar da wani kafinta zai nemi shawararsa.

Ni na so ya ɗauki mai sakatar baya, irin tsarin da wuƙar Buck 110 ta Amurka ta yaɗa tun fitowarta a 1964. Wani dogon ƙarfe ne ke kwance a gadon bayan mariƙi, da ƙugiya a kansa da ke faɗawa cikin tsaga a gindin ruwan wuƙar. Tsari ne da ya daɗe yana aiki, kuma murɗa hannu ba ya sakin sa da sauƙi. Ita Buck 110 kanta nauyinta ya kai giram 200, wuƙar kube ce ta ɗamara, amma akwai masu sauƙin nauyi da yawa a kan wannan tsari.

Shi kuma ya nace a kan mai sakatar ciki, wadda maƙerin wuƙa Michael Walker ya gyara ta zama yadda aka san ta yau a 1980. Na tuna masa cewa irinta ce ta yanke shi. Ya ce, "Yaya, kai a kan teburi kake aiki. Ni a ƙarƙashin sinki nake, hannun hagu yana riƙe da bututu. Idan sai na saki bututun kafin in rufe wuƙa, a buɗe zan ajiye ta a ƙasa, kuma gwiwata za ta same ta." Ya ƙara da cewa tsagar sakatar baya tana tara ƙasa a inda ido ba ya gani, ta ciki kuwa idan bayan mariƙin a buɗe yake, ana ganin dattin, ana watsa masa ruwa ya fita.

Gaskiyarsa ce, kuma hannun nasa ne. Na yarda, da sharaɗi uku: gaɓar ta zama ta sukuru da za a iya ɗaurewa, ta juya a kan washa, wato siririn faifai na tagulla, maimakon boris, kuma sai mun gwada sakatar da hannunmu kafin a biya.

Sauran abubuwan ba su ɗauke mu lokaci ba. Tsawon ruwan wuƙa santimita 7 zuwa 8. Baki miƙaƙƙe, ba mai haƙoran zarto ba, don haƙoran suna da wuyar wasawa kuma suna yaga bakin bututu. Tsini mai ɗan kauri da ya sunkuyo ƙasa. Mariƙin roba mai tauri ko G10, wato zaren gilashi da aka danne da gam, mai kaushi, da launi mai ɗaukar ido, domin baƙar wuƙa idan ta faɗa bayan tanki sai an yi sa'a. Sai maƙalin aljihu da ramin ko maɓallin babban yatsa na buɗewa da hannu ɗaya, maƙalin da ramin kuwa kamfanin Spyderco ne ya fara haɗa su a wuƙa guda a 1981, yanzu kuwa har masu arha suna da su.

Ranar saye

Mun sa wa kanmu iyaka: kada ta wuce kuɗin da idan ta faɗa rijiya zai yi tsaki kawai ya sayi wata. Wuƙar da mutum ke tsoron ɓatarwa a gida take kwana.

An fito mana da guda uku iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, masu ƙarfen 8Cr13MoV, domin mai 14C28N ɗin da muka gani ta haura iyakarmu. Mai kayan ya yi mamaki da na ce duk ukun zan duba. A wuƙaƙe masu sauƙin kuɗi, bambancin da ke tsakanin guda biyu daga kwali ɗaya yakan fi wanda ke tsakanin kamfani da kamfani. Ta farko idan an rufe ta ruwanta yana jingina da gefe ɗaya yana gogar mariƙi. Ta biyu sakatarta ta riga ta tsallaka kusan ƙarshen gindin, alamar ba ta da sauran wurin cinyewa. Ta uku sakatar ta dafa a kashi ɗaya cikin uku na farko, da cikakken kaurinta, babu motsi sama ko ƙasa, babu hagu ko dama. Na riƙe ta yadda yatsuna ba sa kan hanyar baki, na danna bayan ruwan da tafin hannu da ƙarfi, ba ta motsa ba. Na ba shi ya damƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, sannan da safar hannu, ya murɗa, don mu ga ko naman yatsansa yana tura sakatar ba da saninsa ba. Bai tura ba. Ita muka ɗauka, tare da ƙaramin dutse mai fuska biyu da ɗan makullin sukuru mai bakin tauraro, lamba T6 da T8.

A hanya na ja masa kunne kan abu biyu. Na farko doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, alal misali, wuƙa mai ninkewa marar sakata da bakinta bai wuce inci 3 ba ita ce ake yawo da ita ba tare da an nemi dalili ba, mai sakata kuwa sai da hujja, kamar ta aiki. Jamus ma ta taƙaita yawo da mai sakatar da ake buɗewa da hannu ɗaya. Duk inda mutum yake ya san dokar wurin, kuma idan an tashi daga aiki wuƙar ta koma jakar kaya. Na biyu wuta. Yakan haɗa wayar injin ruwa, kuma mariƙin roba ba ya nufin wuƙa tana kare mutum daga lantarki, tunda ƙarafunan ciki da sukurori duk a haɗe suke da ruwanta. Kayan da aka yi don wannan aiki suna ɗauke da alamar bolt 1000 da lambar IEC 60900.

Bayan wata takwas

Na koya masa wasa a zama ɗaya. A shafa wa bakin tawadar maka, a kwantar da shi a kan dutse da kusurwa wajen digiri 20, a duba inda tawadar ta goge don a san ko ana taɓa ainihin bakin. A ci gaba har sai yatsa ya ji ɗan gashin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan a juya. A ƙarshe a shafa a bayan tsohon bel. Yanzu duk ƙarshen mako yake yi, kuma ba ya kai minti biyar.

Wuƙar tana nan da ranta, amma ba lafiya lau ta yi watannin ba. A wata na biyu sukurun maƙalin aljihu ya kwance, ɗaya ya ɓace, sai da na nemo masa wani na ɗiga masa gam ɗin riƙe sukuru mai launin shuɗi. Gaɓar ta sassauta sau biyu, ya ɗaure da kansa. Sakatar ta matsa kaɗan zuwa tsakiya ta tsaya a nan. Akwai kuma wasu 'yan ramuka kamar na allura kusa da gindin ruwan, waɗanda suka fito bayan ya wanke wani tanki da ruwan bilic ya mayar da wuƙar aljihu bai ɗauraye ta ba. Kulorin da ke cikin bilic yana huda fatar nan ta kuromiyam, kuma wannan laifina ne da ban gaya masa ba tun farko. Da mun ƙara kuɗi mun ɗauki mai 14C28N wataƙila da ramukan ba su kai haka ba, kuma har yanzu ina juya wannan a raina.

Wuƙar reza ta cinye fakitin baki biyu. Guntun ƙarfen ɓamɓara kuwa ya ɓace tare da makullan a wata na shida, ya yi mako uku bai faɗa mini ba. Na gane ne da ya kawo wuƙar in duba masa gaɓa, na ga tsininta ya ɗan karkace gefe, da busasshen gam a jikinsa. Na dube shi, ya dubi yaronsa, yaron ya dubi rufi. Na daidaita tsinin a kan dutse, wuƙar ta rage tsawo da kusan milimita biyu, na kuma ɗauko wata karyayyiyar sukurdireba daga aljihun teburi na kunna injin wasa.